Murfin da Rayyis Dusuki Ya Rubuta

Kai ma ka gani, kada ka ce ba ka gani ba. Ka sha wucewa ta gaɓar tafkin Burullus da hantsi, ka ga ƙato yana dukan murfin ɗakin jirginsa da dunduniya kamar mai rigima da jaki, ka yi dariya ka ƙara gaba. Wataƙila ma kana cikin masu tsayawa su ce, "Ƙara masa, bai ji ba!" Ko sau ɗaya ba ka tambayi kanka ba: wanda ke ciki fa, da me zai doka? To, zauna ka ji abin da ya sami gidan su Mitwalli.

Jirginsu irin namu ne na tafki, faffaɗa, marar zurfi, da filafili guda wanda in iska ta cika shi ya fi jirgin kansa girma. A goshinsa, ƙarƙashin daɓen katako, akwai ɗan ɗaki da mutum ba ya iya miƙewa tsaye a ciki. Nan ake ajiye bargo da burodi da kayan shayi da kaskon gawayi. Ba taga. Ƙofarsa a sama take, murfin katako ne mai zugewa, yana tafiya cikin kwarmi biyu, dama da hagu, kowane kwarmi da leɓe da ke danne gefen murfin don kada iska ta ɗauke shi.

Mutum uku ke aiki a jirgin: Rayyis Dusuki, wato shugaban jirgin, tsoho mai shekara saba'in da huɗu, da babban ɗansa Basyuni, da ƙaramin, Mitwalli, wanda ya yi makarantar koyon sana'a a Baltim kafin ya dawo ruwa. Saboda wannan karatu ne kowa a gaɓa ke kiransa Injiniya, kuma ba don girmamawa ba.

Rayyis Dusuki bai taɓa zama gaban malami ba. Amma shekarar da ya dawo daga hajji, shekara ashirin da shida ke nan, ya sa aka rubuta masa bismilla da gajeruwar addu'ar matafiyi a takarda, ya zauna kwana biyu da buroshi da koren fenti yana kwaikwaya a kan murfin nan, harafi bayan harafi. Da yake bai san yadda ake auna rubutu ba, ya fara daf da gefen dama, ya ƙare daf da gefen hagu, har sunan Allah na ƙarshe ya shiga ƙarƙashin leɓen kwarmi. Shi ne kaɗai rubutun da ya taɓa yi a duniya. Kowace shekara, lokacin da ake fentin jirage, sai ya bi kan haruffan ya sake shafa su. Fenti kan fenti, har rubutun ya taso kamar jijiyar bayan hannu. Da yanar ido ta rufe masa gani, sai wannan tudun ya zame masa alheri, domin da yatsa yake binsa. Kullum da safe kafin a kwance jirgi zai durƙusa, ya bi haruffan daga dama zuwa hagu, bakinsa na motsi.

Murfin kuwa kullum ƙara cijewa yake. An san maganinsa: dunduniya a kusurwar hagu, sau biyu, sannan a ja. Basyuni ya raɗa masa suna Suruka, wai sai ta ga dama take buɗe baki.

Wata safiya a watan Kiyak, farkon sanyi, jirgi na ɗaure a gaɓa, Mitwalli na ɗinkin taru, sai ya ji ƙwanƙwasa a ƙarƙashin ƙafarsa, a hankali, kamar kaza na tsattsaga. Tsohon ya shiga dafa shayi, ya ja murfi saboda iska. Mitwalli ya doka sau biyu, bai buɗe ba. Sai a na biyar. Wani zafi mai nauyi ya bugi fuskarsa. Ya kamo ubansa ta hammata ya jawo shi, tsohon ya kifa kai a bakin jirgi yana amai.

Mutanen jiragen da ke kusa suka kwashe da dariya.

"Rayyis, Suruka ta riƙe ka hira?"

"Shayin nan da ƙarfi yake, a sam mana!"

Tsohon ya goge baki, shi ma ya yi dariya, ya ɗaga musu hannu. Mitwalli kaɗai ne bai yi ba. A makaranta an koya musu abin da gawayi ke yi wa mutum a rufaffen wuri: ba hayaƙi, ba wari, sai barci mai daɗi. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin leɓen kwarmi, ya ga inda koren fenti ke gugar katako har ya yi sheƙi.

Da Basyuni ya iso, Mitwalli ya ja shi gefe.

"Abu Sayyid," in ji shi, don da alkunya yake kiran wansa, "murfin nan zai kashe Yaba."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," in ji Basyuni, ya tofar da yawu a ruwa. "Da sassafe?"

"Ba katakon ba ne, fentin ne. Ya yi kauri ya cika kwarmin. In aka kankare faɗin yatsa ɗaya a kowane gefe, shi ke nan, yaro ma zai zuge shi."

"A kankare me?"

"Fentin."

"Ka san me ke rubuce a gefen nan?"

"Na sani."

"Ka sani, kuma kana faɗa. To madalla da karatu. Shekara ashirin da shida muna shiga muna fita, iska ta kifar da jirgin Awad, ta kifar da na 'ya'yan Hamuda, namu ko jiƙa bargo bai yi ba. Kana tsammanin ƙwarewarka ce, Injiniya?"

"Ban ce a share addu'a ba. Wutsiyar harafi kawai."

"Wutsiyar harafin sunan wa?"

Basyuni ya dafa kafaɗar Mitwalli, ya sassauta murya. "Ka shafa masa sabulu. Kowa sabulu yake shafawa."

Mitwalli ya shafa sabulun. Kwana biyu murfin ya yi ladabi, a na uku raɓa ta jiƙa sabulun ya zama ƙulli, ya kama rairayi. Ya wanke, ya goga kyandir. Kyandir ya yi mako guda. Wani maƙwabci ya rantse da baƙin man inji, Basyuni ya zuba ba tare da ya tambayi kowa ba, katakon ya sha ya kumbura, dukan dunduniya ya tashi daga biyu ya koma huɗu.

Sai Mitwalli ya je wurin Usta Girgis kafinta, Kirista, wanda rabin jiragen gaɓar nan daga hannunsa ko hannun ubansa suka fito. Girgis ya zo da fensir a kunne, ya durƙusa, ya zuge, ya tura, ya leƙa.

"Ka gane ciwon daidai," in ji shi. "Aikin shan shayi ɗaya ne. Makankari da ɗan samfefa."

"To bismilla, Usta."

Girgis ya dube shi ta saman tabarau. "Ni? Girgis ɗan Hanna? In ɗora ƙarfe a kan sunan Allah da Hajji Dusuki ya rubuta da hannunsa? Allah ɗaya ne, naku shi ne namu, amma hannun nan nawa ne, kuma a garin nan nake kwana. Kafin la'asar labari ya kai Baltim, kafin ya dawo an ce na ƙona masallaci."

"To ka rage leɓen kwarmin, ka bar murfin."

"Kana tsammanin kai ka fara wannan wayon? Dubi nan." Ya ƙwanƙwasa leɓen da fensir. "Sau uku ina rage shi, duk don a kauce wa rubutun. Na farko kana goye. Yanzu bai fi kaurin burodi ba. In na sake taɓa shi, iskar farko za ta yi gaba da murfin."

"Sabon kwarmi fa?"

"Wannan magana ce. Amma ƙusoshinsa sun shiga haƙarƙarin jirgi, sai an ɗaga daɓen. A jawo shi tudu, kwana shida, bakwai. Ka shawo kan wanka Basyuni, ni a shirye nake."

Basyuni ya ce kwana bakwai a tudu, yanzu da kifin buri ke gudu, gidaje uku na jiran abin da taru ya kamo? Bayan sanyi, in Allah ya kai mu. Mitwalli ya ce ai sanyin ne matsalar. Basyuni ya ce to bayan sanyi dai.

Mitwalli ya gwada sauran dabaru, kada ka ce bai gwada ba. Ya ɓoye kaskon gawayi, tsohon ya wuni yana rawar ɗari har Basyuni ya zage shi ya dawo da kaskon. Ya yanko ɗan itace ya sa a kwarmi don murfin ya bar tsaga, tsohon ya lalubo shi ya jefa a ruwa, ya ce iska na sukar masa wuya. Ya ce a huda ramuka biyu a daɓe, Basyuni ya tara mutane: "Ku zo ku ji, Injiniya zai huda jirgi don kada mu nutse!" Ya roƙi tsohon ya riƙa zama a gida har sanyi ya wuce.

"In zauna in yi me?" in ji Rayyis Dusuki. "In taya mata tsince shinkafa?"

"Yaba, wata biyu kawai."

"Ni a ruwa aka yanke mini cibi. Ranar da kuka bar ni a tudu, ku wuce da ni maƙabarta kawai, kada ku wahalar da kanku."

"To ka bari in rage fentin. Kaɗan, Yaba. Ba za ka ma ji ba."

Tsohon ya juyo da fararen idanunsa wajen muryar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. "Kai kana da littattafai cike da akwati, Mitwalli. Kana karanta jarida, kana karanta allon mota, har takardar magani. Ni layi ɗaya gare ni. Shi ma ya tsone maka ido?"

Mitwalli ya sumbaci hannun ubansa ya tashi.

Ranar Talata bayan azahar ya tsaya a masallaci har kowa ya fita, ya sami liman, Shaihu Abdulwaris, yana naɗe tabarma. Ya zayyana masa komai. Liman ya saurara da kyau, mutum ne mai ilimi, ba wanda ke musun wannan.

"Babu laifi ko kaɗan," in ji shi. "Ka shimfiɗa ƙyalle mai tsabta, ka kankare a kai, ka tattara garin ka binne inda ba a takawa. Ran mutum yana gaba. Wanda ya ce maka haram ne bai karanta ba."

Mitwalli ya ji kamar an sauke masa buhun gishiri. "To Maulana, ka zo ka faɗa wa Yaba da bakinka. Kai zai ji."

Liman ya gyara rawani. "Hajji Dusuki ya girme ni da shekara talatin. A kafaɗarsa na fara ganin tafki. In je in ce masa rubutunsa ne ke... Ka dai gane. Abu ne da ke son dabara."

"Ko a huɗuba, Maulana. Ba sai ka kama suna ba. Ba jirginmu kaɗai ba ne."

"Bari mu ga bayan Juma'a."

Juma'a ta zo, huɗuba a kan haƙƙin maƙwabci. Wata ta zo, a kan gulma. Duk lokacin da suka haɗu, liman kan ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Ban manta ba, ɗana." Kuma da gaske bai manta ba. Wannan ne abin baƙin cikin.

Wata ranar Juma'a da hantsi, ba a fita ruwa ba, gaɓa ba kowa, Mitwalli ya zo da makankari da farin ƙyalle. Ya zare murfin gwargwadon da zai zaru, ya shimfiɗa ƙyallen, ya yi bismilla, ya ɗora ƙarfen a kan wutsiyar harafin ƙarshe. Ya ja sau ɗaya. Ɓawon fenti kamar farce ya faɗo, kore a sama, a ƙasa wani koren, da wani, da wani, kamar shafukan littafi. Ya dube shi a tafin hannunsa. Ya tuna yatsan tsohon. Ya ce a ransa, yau wannan ya isa, gobe in ƙara, a hankali a hankali ba zai ji ba. Ya naɗe ɓawon ya binne a gindin dabinon bayan masallaci.

Washegari da safe tsohon ya durƙusa kamar kullum, yatsa na tafiya daga dama zuwa hagu. Da ya kai ƙarshe sai ya tsaya. Ya koma baya, ya sake bi. Ya daɗe a haka. Bai tambayi kowa ba, bai kira sunan kowa ba. Ya ce, "Basyuni, miƙo mini gwangwanin kore." Ya tsoma yatsa, ya cike gurbin, ya ƙara, ya sake ƙarawa don ya tabbata. Da fentin ya bushe, wurin ya fi da tudu. Kwana uku bai ce wa Mitwalli ko "miƙo ruwa" ba.

Watan Tuba ya kama, sanyin da ke shiga ƙashi. An kwana biyu ana yayyafi, duk katakon jirgi ya sha ruwa. A rana ta uku gari ya ɗan washe suka fita, suka yi nisa, can gefen kacalla inda karfasa ke fakewa. Suka kafa turken ƙarfe suka ɗaure jirgi. Bayan azahar 'yan'uwan biyu suka shiga ruwa iya ƙirji, kowa da bakin taru, suna ja suna zagayawa. Tsohon ya ce zai ɗora musu shayi.

Kafin ya sauka Mitwalli ya ce, "Yaba, don Allah ka bar shi a buɗe."

"Na ji, Injiniya," in ji tsohon. Ita ce maganar farko mai wasa da ya yi masa tun ranar fentin.

Suna tsakiyar ja aka sake sako yayyafi, da iska. Mitwalli ya waiwaya, jirgin na nesa da su kamar tsawon filin ƙwallo, bai iya hango murfin ba. Ya ce wa kansa bari su rufe taru tukuna, kifi ya shiga. Suka rufe. Suka fara tattarawa. Sai ya lura da abin da babu: tsohon bai kira su ba. Kullum in ruwa ya tafasa yakan buga cokali a jikin kofi ya yi ihu, "Ku zo, 'ya'yan agwagwa!" Yau shiru.

Ya saki taru.

"Kai! Kifin!" in ji Basyuni.

Wanda bai taɓa gudu a ruwa iya ƙirji ba, da laka na riƙe ƙafa, bai san mene ne jinkiri ba. Yana tafe yana kira, "Yaba! Yaba!" Iska na mayar masa da muryar. Da ya kama bakin jirgi ya hau, murfin na rufe ruf, ruwan sama na gudu a kan koren rubutu. Ya doka a kusurwar hagu. Huɗu. Shida. Goma. Ya kama marikin ya ja har ya faɗi zaune. Ya kifa kunne, ba ƙwanƙwasa, ba tari.

Basyuni ya hau yana haki, ya ture shi. "Matsa, ba ka iya ba." Ya doka da dukan nauyinsa, ya sake, ya sake. Murfin ko gezau.

Mitwalli ya yi tsalle zuwa goshin jirgi, ya tumɓuke turken ƙarfe daga laka, ya dawo da shi a hannu biyu. Murfin allo ne mai kaurin yatsa biyu, tsakiyarsa ce mafi rauni, ya san haka, bugu biyu ko uku zai fashe iska ta shiga. Ya ɗaga ƙarfen sama da kansa. Ƙarƙashinsa haruffan, masu sheƙi da ruwa.

"Ba nan ba!" Basyuni ya yi kururuwa. "Ba a kan sunan ba!"

Daga baya Mitwalli ya so ya ɗora wa wansa laifin wannan, ya kasa. Domin kafin Basyuni ya buɗe baki, hannunsa ya riga ya karkace da kansa. Ƙarfen ya sauka a gefe, a kan daɓe, inda katako ke da kauri kamar cinya. Ya sake ɗagawa, ya sake sauka a gefe. Shi da ya san gawayi, shi da liman ya ba fatawa, shi da ya yi wata biyu yana roƙon a kankare. Ya koma kan kwarmin hagu, yana cusa tsinin ƙarfen ƙarƙashin leɓe yana ɓanɓara, Basyuni na taya shi da wuƙar gyaran kifi, su biyu suna kuka suna kiran uba, jirgin da ba turke yana juyawa da su cikin kacalla. Leɓen na ɓallewa gutsure-gutsure. Tsawon hannu guda ne, amma sai da suka bi shi duka. Allah kaɗai ya san minti nawa.

Daga ƙarshe murfin ya ɗago. Suka ɗauke shi suka jingina, lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Tsohon na kwance a gefensa a kan bargo, hannu ɗaya a ƙarƙashin kunci, butar shayi ta ƙone ƙurmus a kan gawayi. Fuskarsa ta yi ja kamar ta mai ƙoshin lafiya. Suka fito da shi cikin ruwan sama. Yana numfashi, da ƙyar, da wani gurnani a maƙogwaro. Mitwalli ya buɗe masa riga, yana mari, yana hura masa iska a baki. Basyuni ya ɗaga filafili. Iskar daga gari take busowa, sai da suka yi ta kai da komo, wani wuri ma da gora suka tura. Sun isa gaɓa da la'asar sakaliya, aka sa shi a bayan motar kifi zuwa asibiti a Baltim.

Bai mutu ba. Likita ya ce da an fito da shi da wuri kaɗan, da ya tashi da ciwon kai kawai. Mitwalli ya tambaya, kaɗan kamar nawa? Likitan ya dube shi, ya ce ba a iya sani.

Bayan kwana goma sha biyu aka dawo da shi gida. Yana ci in an ba shi, yana zama inda aka zaunar da shi. Hannun dama ya mutu. Yana kiran Basyuni da sunan wani ƙanen tsohon da ya rasu tun kafin a haife su, Mitwalli kuwa ba ya kiransa da komai, in ya shigo sai ya matsa masa a tabarma kamar yadda ake yi wa baƙo.

Ka san abin da gaɓa ta ce? Mutane suka riƙa zuwa kallon murfin. Suna nuna ramukan da ƙarfe ya yi a daɓe, dama da hagu, sama da ƙasa, sannan su nuna rubutun.

"Dubi ikon Allah. Ƙarfe ya zagaye shi, ya kasa taɓa shi."

"Kuma ga mai rubutun ya fito da rai. Da wani ne, da tuni an yi sadakar bakwai."

Wata tsohuwa ta shafa murfin ta shafe wa jikanta fuska. A wurin shan shayi wani ya ce ai an ji Injiniya ya taɓa kankarar harafi a ɓoye, to ga shi. Mitwalli na zaune a wurin. Ya miƙe zai yi magana, ya duba fuskokin, duk mutanen da suka ɗauki ubansa a hannu suka sa a mota ne, wasu har da hawaye. Ya ce, "Gawayi ne. Da fenti." Wani ya ce, "Haka ne, Injiniya, zauna, ka gaji." Aka miƙo masa shayi. Ya zauna.

An jawo jirgin tudu, yanzu da ya zama dole. Usta Girgis ya yi sabon kwarmi cikin kwana biyar, ya bar masa sarari isasshe, murfin na tafiya da yatsa ɗaya. Da ya gama ya ja Mitwalli gefe ya ce, "Na ba shi shekara shida, in an ci gaba da shafawa. Bakwai in an yi sa'a." Da lokacin fenti ya zo, Basyuni ya ɗauko gwangwanin kore, ya durƙusa, ya bi haruffan ubansa ɗaya bayan ɗaya, yana share hawaye da hannun riga. Ya shafa da kauri, don girmamawa. Mitwalli na tsaye a kansa riƙe da igiya, ya buɗe baki, ya ga bayan wansa na girgiza, ya rufe.

A ranar ya bi gaɓa daga wannan kai zuwa wancan, yana gaisawa yana gwada murfi kamar mai wasa. Jirage goma sha ɗaya sai da dunduniya. Ba duka ke da rubutu ba. Wasu tsatsar ƙusa ce, wasu kumburi, wasu kawai ba wanda ya zauna ya duba. A bakwai daga ciki akwai kaskon gawayi. Ya gaya wa masu su, ɗaya bayan ɗaya. Duk suka ce gaskiya ne, Allah ya saka, bayan buri ya wuce.

Mitwalli ya yi iyakarsa, kuma ba ta isa ba, domin shi kaɗai ne kuma ƙarami ne a gidansu. In mutum biyar suka faɗa, in liman ya faɗa a kan mumbari, in matan gida suka hana kasko fita sai an gyara, za a gyara kafin la'asar. Saboda haka kai, yau ba gobe ba, ka sauka gaɓa, ka shiga ɗakin jirginku ko na maƙwabcinka, ka ja murfin a kanka, ka gwada buɗe shi daga ciki da hannu ɗaya. In bai buɗe ba, kada jirgin ya bar turke. Ka kawo makankari da ƙyalle mai tsabta, ka kira liman ya tsaya a kanka, ka kankare a gaban kowa.